Bin Sawun Ruwa A Cikin Tsagar Dutse: Yadda Ake Kiwon Taskar Zafin Ƙarƙashin Ƙasa



1.0 Gabatarwa

Hausawa sun ce, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. To, amma shi wanda ya tona ɗin, har ya tarar da ruwa, akwai tambayar da takan biyo baya, watau daga ina ruwan nan ya zo, kuma ta wace hanya ya bi? A rijiyar gida ba kasafai akan damu da wannan ba. Amma a ƙasashen da ake haƙa rijiya mai zurfin kilomita biyu ko uku don a ɗebo tafasasshen ruwa da tururi a mai da su wutar lantarki, amsar tambayar nan ita ke nuna ko tashar da aka kashe dukiya mai ɗimbin yawa aka gina za ta shekara talatin tana aiki, ko kuwa za ta huce tun ba a je ko'ina ba.

Abin da na yi nufin bayyanawa a wannan lacca shi ne dabarar da masana suke bi su gano hanyar ruwa a cikin dutsen da idon ɗan Adam bai taɓa gani ba. Kafin mu shiga, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi huɗu. Wurin da ruwan zafi yake tare a ƙarƙashin ƙasa zan kira shi taska. Rijiyar da ake fitar da ruwa ta cikinta, rijiyar ɗiba ke nan. Wadda ake mayar da ruwan ta cikinta bayan an gama da shi, rijiyar mayarwa. Sa'an nan sinadarin da akan zuba a ruwa don a gane shi in ya ɓulla a wani wuri zan kira shi shaida, kamar dai shaidar da makiyayi yakan yi wa dabbarsa don ya gane ta a cikin garken wani.

2.0 Zafin Ƙasa Da Taskarsa

Duk inda mutum ya tona a doron ƙasa, zafi ƙaruwa yake yi gwargwadon zurfi. A yawancin wurare ƙarin yakan kai digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas a kowace kilomita guda. A inda duwatsu masu aman wuta suke kuwa, ko inda ɓawon ƙasa ya dare, ana iya samun digiri 250 ko fiye a zurfin da bai wuce kilomita biyu ba. Ko a nan ƙasarmu muna da ɗan abin nuni, domin ruwan maɓuɓɓugar Wikki da ke Yankari yana fitowa da ɗuminsa na kimanin digiri 31, rani da damina.

Mutanen Italiya ne suka fara mai da wannan zafi lantarki. A 1904, a wani wuri da ake kira Larderello, Piero Ginori Conti ya kunna 'yan ƙwayayen fitila da tururin da ke fitowa daga ƙasa, a 1913 kuma aka kafa tasha sosai a wurin. Tashar Wairakei ta Niyu Zilan ta biyo baya a 1958, sai The Geysers ta Kalifoniya a Amurka a 1960. A nahiyarmu ta Afirka, Kenya ta buɗe tashar Olkaria a 1981.

Abin lura a nan shi ne, galibin zafin yana cikin dutse ne. Shi ruwa ɗan aike ne kawai: ya ratsa dutse, ya ɗauko zafi, ya kawo sama. Saboda haka taska ba ta amfanuwa sai abu uku sun haɗu, watau dutse mai zafi, da ruwa, da kuma hanyar da ruwan zai bi.

3.0 Halin Ruwa A Cikin Tsaga

A 1856 wani injiniyan Faransa mai suna Henry Darcy, wanda ya yi aikin ruwan sha na birnin Dijon, ya bayyana ƙa'idar tafiyar ruwa a cikin yashi. A cikin yashi ruwa yakan bazu ko'ina, ya ratsa tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta, ya yi ta tsatsafowa sannu a hankali, kamar yadda muke gani in an tona rairayin kogi da rani. Mai lissafi yana iya faɗin inda irin wannan ruwa zai kai bayan wata guda, ya kuwa dace.

Duwatsun taskar zafi ba haka suke ba. Yawancinsu ƙaƙƙarfan dutse ne, irin falalen da ba ya shan ruwa, ko kuma daskararren aman dutse. Ruwa ba shi da hanya a cikinsu sai ta tsaga. Masu haƙa rijiyar burtsatse a ƙasar Kano da Zariya sun san wannan sarai, don sukan huda nan su tarar da dutse a bushe, su matsa 'yar tazara kaɗan su faɗa kan tsaga, ruwa ya yi ta ambaliya.

Akwai wata ƙa'ida da ta sa al'amarin tsaga ya zama mai wuyar sha'ani. Idan faɗin bakin tsaga ya ninka sau biyu, ruwan da zai bi ta cikinta yakan ninka sau takwas. Idan ya ninka sau goma, ruwan ya ninka sau dubu. Ke nan in akwai ƙananan tsage-tsage ɗari da babba guda ɗaya a tsakanin rijiyoyi biyu, babbar nan ita kaɗai tana iya kwashe mafi yawan ruwan, ta bar sauran kusan a banza. Daɗin daɗawa, ko a cikin tsaga guda ruwa ba ya shimfiɗuwa bai ɗaya. Bangwayen tsaga suna haɗuwa a wani wuri su rabu a wani, ma'adinai kuma sun toshe wasu sassa, sai ruwan ya zaɓi 'yan ƙananan magudanai ya riƙa bi, kamar yadda ruwan sama yakan yi wa kansa kwazazzabo a gona.

4.0 Dalilin Mayar Da Ruwa

Mai sauraro zai iya cewa, to me ya kai mutane ga mayar da ruwa ƙasa bayan sun sha wahalar fito da shi? Dalili biyu ne.

Na farko, ruwan da ya rage bayan an raba shi da tururi ba ya shawuwa, ba ya kuma yi wa shuka daɗi. Yana ɗauke da gishiri da wasu ma'adinai masu guba, irin su asinik da boron. Zubar da shi a kogi ɓarna ce.

Na biyu, taska ba teku ba ce, in ana ɗiba ba a mayarwa ƙarfinta raguwa yake yi. A Wairakei, inda aka shekara da shekaru ana zubar da ragowar ruwa a kogin Waikato, ƙasa ta lotsa a wani sashe har kimanin mita 15. A The Geysers kuwa, tun daga wajen 1987 ƙarfin tururi ya shiga ja da baya, alhali dutsen yana nan da zafinsa, ruwa ne ya yi ƙaranci. Maganin da aka yi shi ne janyo tataccen ruwan ƙazanta na garuruwa ta bututu a ɗura a taskar, da farko daga gundumar Lake a 1997, daga baya kuma daga birnin Santa Rosa a 2003.

Amma fa maganin nan yana tafe da nasa ciwon. Ruwan da ake mayarwa ya riga ya huce, in an gwada shi da na cikin taska. Idan ya bi doguwar hanya, ya ratsa tsage-tsage masu yawa, zai sake ɗaukar zafi kafin ya iso rijiyar ɗiba, buƙata ta biya ke nan. Idan kuwa ya sami gajeriyar hanya ya yi yanke, to zai riƙa sanyaya bangon tsagar da yake bi, har ya wayi gari yana isa rijiyar ɗiba da sanyinsa. Zafi ba ya saurin ratsa dutse. A shekara guda 'yan mitoci ƙalilan yake iya tafiya. Don haka tsagar da ta huce ba ta farfaɗowa da wuri, ko da kuwa dutsen da ke nesa da ita kaɗan yana nan kamar garwashi.

Wannan ba zato ba ne. A farkon shekarun 1980 Roland Horne na Jami'ar Stanford ya bi diddigin abin da ya faru a tashoshin Jafan, irin su Hatchobaru da Kakkonda, inda ya nuna cewa ruwan da aka mayar yana dawowa rijiyoyin ɗiba da saurin da ba a zata ba, a wasu wurare har zafin rijiyoyin ya ragu. Haka aka gani a Palinpinon ta ƙasar Filifin bayan buɗe tashar a 1983: gishirin ruwan rijiyoyin ɗiba ya yi ta hauhawa, alamar ruwa ɗaya ne ke ta kewayawa, zafi kuma ya soma sauka, har ya zama dole aka ƙaurar da mayarwar zuwa rijiyoyi masu nisa.

5.0 Asalin Dabarar Shaida

Dabarar sa wa ruwa shaida ta girmi tashoshin zafin ƙasa. A kudancin Jamus, kusa da garin Immendingen, akwai inda kogin Danub yake nutsewa cikin tsage-tsagen dutsen farar ƙasa, a wasu watanni har gadon kogin ya bushe ƙaf. An daɗe ana zaton ruwan shi ne yake ɓulla a maɓuɓɓugar Aach, mai nisan kimanin kilomita 12, amma babu hujja, ga shi kuwa masu injunan niƙa na ɓangarorin biyu kowa yana da buƙatar ruwan. A 1877 wani masani mai suna Adolf Knop ya zuba gishiri mai yawa a inda kogin ke nutsewa, aka kuma zuba wani rini mai suna fulorasin, wanda Adolf von Baeyer ya haɗa a 1871. Bayan kamar sa'a 60 sai ga shaida ta bayyana a Aach. Da wannan aka tabbatar cewa wani kaso na ruwan Danub, wanda ya kamata ya gangara gabas zuwa Bahar Aswad, yana sulalewa ta ƙarƙashin ƙasa ya shiga kogin Rayin ya nufi Tekun Arewa.

Abin da Knop ya yi shi ne dai ake yi a taskar zafi har yau, sai dai zurfin ya fi, zafin kuma ya fi.

6.0 Irin Shaidar Da Ta Dace

Ba kowane sinadari ne zai yi wannan aiki ba. Lalle ne ya zamana babu irinsa a ruwan taskar tun asali, ko kuma kaɗan ne ƙwarai. Lalle ne ya narke ya bi ruwa ba tare da ya maƙale a jikin dutse ba. Lalle ne ya jure zafi, na'ura kuma ta iya gano shi ko da ya tsarma ƙwarai da gaske, sa'an nan kada ya cuci mutum ko dabba, kada kuma ya yi tsada.

A ƙarshen shekarun 1970 an yi amfani da wani nau'in aidin a Wairakei, wanda ake kira aidin-131. Shi wannan yana fitar da wani irin haske na nukiliya da ido ba ya gani amma na'ura tana ji. Amfaninsa shi ne ɗan kaɗan ya isa. Aibinsa kuwa, rabin ƙarfinsa yana gushewa a duk kwana 8, saboda haka bayan 'yan makonni ba a jin ɗuriyarsa, ga kuma tsananin dokokin da suka dabaibaye ɗaukarsa da ajiyarsa.

Fulorasin yana da araha, ba shi da guba, gano shi kuma ba wuya. Rauninsa shi ne in zafi ya haura digiri 200 sosai yakan soma lalacewa, sai a kasa sanin ko shaidar ɓacewa ta yi a hanya ko kuwa ƙonewa ta yi. Wannan ne ya sa, a wajen shekarar 2000, Peter Rose da abokan aikinsa a Jami'ar Utah suka fito da wasu sinadarai dangin naftalin, watau abin da ake yin fararen ƙwayoyin nan na cikin akwatin tufafi da muke kira kafur. An gwada su a Dixie Valley ta jihar Nevada. Suna jure zafi mai tsanani, kuma da yake iri-iri ne, na'ura tana bambanta su. Ke nan ana iya zuba iri dabam a kowace rijiyar mayarwa a lokaci ɗaya, a kuma san wadda ta aiko da ruwanta ga kowace rijiyar ɗiba.

7.0 Karanta Sakamako

Yadda ake gwajin ba shi da wuyar faɗa. A narka shaida a tanki, a ɗura ta gaba ɗaya cikin ɗan lokaci kaɗan, a ci gaba da tura ruwa a bayanta. Daga nan sai ɗibar samfur a rijiyoyin ɗiba, da farko sau da yawa a yini, daga baya a riƙa tsallake kwanaki, har tsawon watanni. Kowane samfur a auna yawan shaidar da ke cikinsa, a ɗiga a takarda. In an haɗa ɗige-ɗigen sai su ba da siffar tudu: hawa mai tsini, da ƙololuwa, da gangara mai dogon wutsiya.

Wannan tudu yana faɗin abu huɗu. Ranar da shaida ta fara bayyana tana nuna saurin hanyar da ta fi kowace gajarta. Yawan ƙololuwa yana nuna yawan manyan hanyoyi, domin tudu mai kai biyu alama ce ta hanya biyu. Jimillar shaidar da ta dawo tana nuna kason ruwan rijiyar mayarwa da ke zuwa wannan rijiya. Matsakaicin kwanakin da ruwan ya yi a hanya kuwa yana ba da girman sararin da ya ratsa. Alal misali, mu ɗauka lita 20 ke wucewa tsakanin rijiyoyi biyu a kowace daƙiƙa, matsakaicin zaman ruwan a hanya kuma kwana 10 ne. Yini guda daƙiƙa 86,400 ne, saboda haka sararin tsage-tsagen da ke tsakaninsu zai ɗauki lita miliyan 17 da 'yan kai. Da a ce kwana guda ruwan ya yi, da sararin bai kai lita miliyan 2 ba, mai tasha kuma sai ya shiga taitayinsa.

Babban sirrin dabarar shi ne, shaida tana riga sanyi isowa. Ita tana tafiya ne da saurin ruwa, shi kuwa sanyi ba ya matsawa gaba sai ya cinye zafin dutsen da ke gabansa. Shaidar da ta iso cikin kwanaki tana iya zama gargaɗin sanyin da ba zai iso ba sai bayan shekaru. Wannan tazara ita ke ba injiniya damar rage ruwan da yake mayarwa, ko ya sauya rijiya, tun kafin ɓarna ta auku. Rigakafi dai ya fi magani.

Ga misali guda daga Faransa. A Soultz-sous-Forêts, a yankin Alsace, inda aka fara bincike tun 1987, an haƙa rijiyoyi uku masu zurfin kimanin kilomita 5 a cikin falalen dutse mai zafin digiri 200. Ta tsakiya ita ce ta mayarwa, biyu na gefe na ɗiba, nisan kowace daga ta tsakiya a can ƙasa ya ɗan haura mita 600. A 2005 aka ɗura fulorasin a ta tsakiya. Cikin 'yan kwanaki ya bayyana a rijiya ɗaya, wadda ta dawo da kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa a watannin gwajin, ɗayar kuwa ɗan abin da ta samu bai taka kara ya karya ba. Nisa ɗaya, dutse ɗaya, amma hali dabam. Ragowar shaidar da ba ta dawo ba ta nuna cewa taskar a buɗe take, tana cuɗanya da ruwan gishirin da ke cikin dutsen tun asali.

8.0 Iyakar Dabarar Da Abin Da Ake Haɗa Ta Da Shi

Shaida tana faɗin lokacin tashi da lokacin isowa, amma ba ta zana taswirar hanya. Har ila yau, abin da ta fi aunawa shi ne girman sarari, alhali abin da ya fi damun mai neman zafi shi ne faɗin bangon dutsen da ruwa yake shafa. Zagayayyen rami guda da siririyar tsaga mai faɗin fili suna iya ɗaukar ruwa daidai wa daida, amma zafin da tsagar za ta bayar ya ninka na ramin nesa ba kusa ba. Don a shawo kan wannan, masana suna gwada zuba shaida biyu tare, ɗaya mai wucewa kai tsaye, ɗaya mai ɗan maƙalewa a bango ko mai lalacewa gwargwadon zafi. Bambancin isowarsu sai ya nuna faɗin bangon ko zafin hanyar.

Ana kuma kasa kunne ga dutsen kansa. In an tura ruwa da ƙarfi, tsage-tsage sukan ɗan gota, su haifar da ƙananan girgiza da mutum ba ya ji, na'urori kuwa su nuna inda kowace ta auku. Wannan yana nuna inda matsin ruwa ya kai, wanda sau da yawa ya zarce inda ruwan kansa ya kai. A nan ne kuma babban haɗari yake. A watan Disamba na 2006 aikin tura ruwa a birnin Basel na Suwizalan ya jawo girgiza mai ƙarfin 3.4, aka dakatar da shi, a 2009 aka soke shi ɗungum. A Pohang ta Koriya ta Kudu, girgiza mai ƙarfin 5.4 ta auku a watan Nuwamba na 2017, ta raunata mutane da dama, ta raba iyalai masu yawa da gidajensu. A 2019 kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya tabbatar cewa ruwan da aka tura ne ya tayar da wata babbar tsaga da ba a san da ita ba.

A 'yan shekarun nan an ƙara da zura zaren gilashi mai ɗaukar haske a cikin rijiya, wanda ke auna zafi da motsi a duk tsawonta, ya nuna daidai inda ruwa ke shiga da inda yake fita. An yi amfani da irinsa a Nevada, inda kamfanin Fervo ya gwada rijiyoyi biyu masu kwanciya a gicciye a 2023, ya sami ruwan zafin da zai ba da megawat 3.5.

9.0 Kammalawa

Shugaban taro, jama'a masu saurare, mun ga cewa dukiyar taskar zafi tana cikin dutse, ruwa ne ke ɗauko ta, shi kuwa ruwa a cikin tsaga hanyar da ta fi sauƙi yake bi, ba ya la'akari da wadda injiniya ya zana masa a takarda. Mun ga dalilin da ya sa mayar da ruwa ya zama tilas, da haɗarin da ke tattare da shi, da yadda 'yan buhunan rini da haƙurin ɗibar samfur na watanni suke iya tsare rijiyar da aka kashe miliyoyi wajen haƙa ta.

Darasin bai tsaya ga ƙasashe masu aman wuta ba. Duk garin da ke zaune a kan falalen dutse, yana shan ruwan burtsatse, masai kuma na kusa da rijiya, ƙa'idar tsagar nan tana aiki a kansa, domin tazarar da ido ke gani a sama ba ita ce tazarar da ruwa ke bi a ƙasa ba. Ina fata ɗalibanmu na sashen kimiyyar ƙasa za su ɗauki wannan su yi nazari a kai, su kuma bayyana wa jama'a sakamakonsa da harshen da jama'ar ke ji.